Gurmi a Ƙasan Akwati

A ƙarshen shekarun 1990, duk mai son sanin darajar kowace waƙa a Birnin Kudu ba ya bukatar tambayar kowa. Ya je bakin tasha ya tsaya gaban teburin mai sayar da kaset, ya dubi yadda aka jera su. Sahun sama, inda ido yake fara sauka, na Indiya ne, ga Shah Rukh Khan ga Kajol suna murmushi a cikin leda. Biye da su na Turanci: Michael Jackson da Tupac da Bob Marley da Lucky Dube, sai makosar Awilo Longomba da ta shigo daga baya ta hana kowa sakat. A gefe guda an ware wuri na mutunci, nan ne na karatun Alƙur'ani da wa'azi da bege. Can ƙarƙashin teburin kuma akwai wani kwali da ƙura ta gama da shi. A ciki ake zuba Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Garba Supa da Barmani Coge da Haruna Uji, yawancinsu ba hoto ba bango, sai suna da aka rubuta da biro, domin kwafi ne da aka ɗauka daga wani kwafin. Masu durƙusawa su tona kwalin nan an san su: direbobi, mahauta, da dattawan da suka shigo cin kasuwa daga ƙauye. Sai ni, ɗan ƙaramar sakandare, wanda sai ya waiga hagu da dama kafin ya durƙusa.

Ni ba haifaffen Birnin Kudu ba ne. A wani ƙauye na ƙasar Gwaram aka haife ni, ba nisa da Sara, aka turo ni wurin ƙanen mahaifiyata don in yi karatu. Tazarar garuruwan biyu ba ta taka kara ta karya ba, amma a idon yaro duniya biyu ce. Garin Birnin Kudu yana bakin babban titin da ya fito daga Kano ta Wudil, duk abin da ake yayi a birni kafin mako ya zagayo ya sauka a tasharsa. Ga Kwalejin Gwamnati da 'ya'yan Kanawa suka daɗe suna cikawa, inda Aliko Ɗangote ya gama a 1978. Ga babban asibiti da ma'aikatansa 'yan sassa daban-daban. Ga kuma alfaharin cewa bayan an yanke Jigawa daga Kano a 1991, gwamnan farar hula na farko, Ali Sa'ad, ɗan garin ne. Saurayin Birnin Kudu Kano yake kallo. Mu mutanen Gwaram masu iyaka da Bauchi, a wurinsa mu ne ƙauyen.

Kawun nawa direba ne. Yana da wata doguwar fijo da ta ga duniya, yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram har Basirka, ranar kasuwar Sara kuwa ba ya kashe mota sai dare. Asabar da Lahadi da lokacin hutu ni ne yaron motarsa: in ɗaure kaya, in karɓi kuɗi, in zuba ruwa a lagireto. Rediyon motar ta daɗe da daina kama tasha, kaset kawai take ci, kuma a aljihun gaban motar na Haruna Uji ya fi na kowa yawa. Uji mutumin Haɗeja ne, wato ɗan jiharmu, abin kiɗansa kuma gurmi: 'yar ƙaramar ƙwarya da aka rufe da fata, aka soka mata sanda, aka ɗaura tsirkiya. Abu ne da za ka ɗauka da hannu ɗaya ka tura cikin aljihun babbar riga. Amma in ya kama shi, motar da ke cike da hayaniyar fasinja da kukan awaki a bayan but sai ta natsu. Soyayya yake rerawa tun kafin a san akwai wani wuri wai shi situdiyo a Kano. Zai kama sunan mace ya juya shi, ya sake juya shi, ya yi mata kirari, ya yi ƙorafi, ya dawo yana lallashi, gurmin na ba shi amsa a kowace gaɓa. In muka hau miƙaƙƙen titi kawu yakan rage murya ya ce da ni, "Ɗan nan, bar bin bakinsa. Hannun za ka saurara." Da na koyi sauraron hannun, shi ke nan na shiga ban fita ba.

Daga Uji na gangara kan sauran. Shata ya kama ni da yadda yake gina waƙa nan take, ya jefa magana 'yan amshi su cafe, kalangai na ta zuba a bayansa. Bakandamiyarsa ma ba ta fitowa iri ɗaya a kaset biyu. Ɗan Anace in yana zuga Shago, ko ba ka taɓa leƙa filin dambe ba sai tsigar jikinka ta tashi. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, shi da yaransa suna karɓe magana daga bakin juna har ka rasa inda ubangida ya tsaya da inda yara suka ɗauka. Rabin Hausarsu ta fi ƙarfina, domin Zamfarci ne da Sakkwatanci, ga tsofaffin kalmomin fada da na yaƙi. In na tambayi kawu wata kalma ya rasa, sai ya ce in bari mu koma tasha, akwai wani Bazamfare mai facin taya. Shi kuwa ba ya ba ka ma'anar kalma ɗaya sai ya haɗa maka da tarihin sarkin da aka yi wa waƙar, da na kishiyarsa a sarauta da ake yi wa zambo, hannunsa na cikin bokitin ruwa yana neman inda tib ya huje.

Kaset abu ne mai son hidima. 'Yar rediyon da na saya hannu na biyu batir take sha ba tausayi, saboda haka in batirin Tiger ya yi sanyi a shanya shi a rana, a ɗan cije shi, a mayar. Ba a ɓata batir wajen mayar da waƙa baya, biro ake zurawa a ramin kaset a yi ta juyawa a iska. Ranar da rediyo ta ci zare kuwa, sai ka zauna da tsinken ashana kana lallaɓo shi a hankali, ka yanke inda ya cukurkuɗe da reza, ka haɗe bakin biyu da jan farcen da ka roƙa wurin matar kawu. Waƙar za ta ci gaba, amma ta yi asarar ɗan wani yanki har abada. Har yau akwai waƙar Uji da in na ji ta cikakkiya a waya, in an zo daidai wurin, kunnena sai ya jira tsallen da ba ya zuwa.

Inda abin ya ɓaci shi ne shago. Kowane gida mai samari yana da shago a ƙofar gida. Nan ake kwana, nan ake hira, nan ake koyon taje suma da sassauta wando. Namu na gidan wani abokinmu ne da yayansa mai aiki a Kano ya bar wa rikoda mai baki biyu. Dokar ɗakin karo-karo ce: duk wanda ya sa kuɗi a batir yana da damar sa kaset ɗinsa. Wani dare layi ya zo kaina. An gama jin Tupac ke nan, mutumin da babu ɗayanmu mai tsintar kalma uku a jere daga bakinsa, sai na zaro Uji na saka. Gurmin bai yi nisa ba ɗakin ya yi tsit, sannan dariya ta ɓarke.

"Kai, wa ya shigo mana da tasha cikin ɗaki?"

"Malam, batir ɗinmu za ka ƙarar a kan kiɗan tsofaffi?"

Mai rikodar ya danna, ya zaro kaset ɗin da yatsa biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera, ya miƙo mini. "Mutumina, don Allah ka waye. Wannan ai sai gidan magajiya."

Daga ranar sunana ya koma Baba Direba. Sunan ya bi ni har aji, 'yan mata ma suka ɗauka, wanda shi ne ya fi ciwo. A lokacin ana yayin saurayi ya haɗa wa budurwa kaset na zaɓaɓɓun waƙoƙin Indiya ya liƙa wasiƙa a ciki, kuma an sha tsokanata cewa ni ranar da na tashi yin budurwa Ɗan Anace zan aika mata. Ban yi musu da kowa ba. Na koyi sunayen mawaƙan Amurka yadda zan iya sa baki a hira, na sayi kaset ɗin Lucky Dube na ajiye a saman akwati inda kowa zai gani. Nawa na gaskiya kuwa suna can ƙasa, ƙarƙashin barguna, kowanne na rubuta masa "ya lalace" a jiki don kada wani mai bincike ya gwada.

Wurin sauraro sai ya zama duwatsun bayan gari. Duk ɗan Birnin Kudu ya san Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen da suka riga kowa zama a wurin suka zana shanu a jikin dutse, shanu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulani ke kora a yau ba. A nan kuma akwai duwatsun da in ka buga su da ƙaramin dutse sai su ba da amon ƙarfe, kowane gefe da muryarsa, har wuraren da ake bugawa sun lotsa saboda yawan hannayen da suka bi ta kai. A 1955 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya zo ya saurare su ya rubuta wa duniya labarinsu, daga nan aka shiga gano irinsu a wasu ƙasashe. Mu dai wurin ɓuya muka ɗauke shi: wani ya zo shan sigari, wani ya gudo daga aikin gona, ni kuma na zo da rediyo a cikin riga. Wani lokaci in kashe ta in gwada bin karin gurmin a jikin dutsen. Ba ya fitowa daidai, amma yaran da ke kiwon awaki a wurin ba su taɓa yi mini dariya ba, su ma sukan ɗauki nasu dutsen su taya ni.

A watan Yunin 1999 Shata ya rasu, aka kai shi Daura aka binne. A tasha na ji, a rediyon mai shayi. Kafin la'asar duk motar da ke da abin sa kaset Shata take yi, wannan na tashi daga nan wancan daga can, ba mai jin na wani. Kawu ya fasa sawun ƙarshe, ya zauna a kan benci yana karɓar gaisuwa daga 'yan uwansa direbobi, shi ma yana yi musu, alhali babu wanda ya haɗa ko maƙwabtaka da mamacin. Mai kaset ya jawo kwalin nan ya karkaɗe shi ya ɗora a saman tebur, ya kuwa yi ciniki. A makaranta ba wanda ya ɗaga zancen sai malamin Hausa, wanda ya shaida mana cewa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba mutumin nan digirin girmamawa na dakta tun 1988. Wani daga bayan aji ya ce, "Malam, dakta a fannin roƙo?" Aka kwashe da dariya. Bayan kwana kaɗan kwalin ya koma mazauninsa.

Ana cikin haka fim ɗin Hausa ya kankama. An faro shi tun 1990 da Turmin Danya, amma mu a wajenmu Sangaya na kamfanin Sarauniya, da Ali Nuhu da Fati Muhammad, shi ya ɓalle ƙofar a daidai shigowar shekarar 2000, Wasila ya biyo baya. Gidan kallo ya cika, janareto na ruri, an jera benci har waje. Waƙar fim ta shiga bakin 'yan talla da 'yan acaɓa da amare, muryoyin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha suka ture Indiya daga sahun sama na teburin. Ni ma na kalla, na kuma rera, ba zan yi ƙarya ba, da daɗinta. Sai dai kunnen da ya sha kwalin ƙasa ba ya rasa gane abin da ke gudana. Fiyanon da ake kiɗa waƙoƙin fim da shi sarewa yake kwaikwayo, da kalangu, da shantu, tsarin bayarwa da amshi kuma na gaɗar 'yan matan dandali ne da muka baro a ƙauye. Na faɗi haka a shago, ina ganin yau dai na kama su. Mai rikoda ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "To ai wannan na zamani ne."

Na daɗe ina juya wannan amsa, kuma ina ganin gaskiya ya faɗa, ko da bai san iyakar abin da ya faɗa ba. Ba amon suke gudu ba, mai amon suke gudu. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, makaɗi kuma maroƙi ne. Ana jin daɗinsa, ana yi masa kyautar riga da doki har da mota da kujerar Makka, amma in ya aiko neman aure sai a fara duban ƙasa. Kowane abin kiɗa kuma da mutanensa: kalangu na mahauta da 'yan matan dandali, kotso da taushi na fada, garaya ta mafarauta da 'yan bori, goge da kukuma an riga an shafa musu kashin kaji na gidan giya da mata masu zaman kansu, gurmi ya zama na direbobi da zaman tasha. In ka faɗi kiɗan da kake so, ka faɗi mutanenka ke nan. Fiyano kuwa ba shi da dangi. Kamfanin Yamaha ne ya ƙero shi daga Japan, ba wanda ya gaje shi wurin kakansa, ba a taɓa kiran iska da shi ba, mai buga shi ɗan makaranta ne da wandon jins, ba ya durƙusa wa kowa a ƙofar gida. Haka waƙar Indiya: ta zo daga nesa, ba ta da abin kunya a garinmu. Har masu bege a Kano, irin su Ushaq'u Indiya, sukan ɗauki karin waƙar fim su ɗora yabon Annabi (SAW) a kai, jama'a su karɓa hannu biyu. Ban taɓa jin an yi wa karin goge wannan karamci ba.

Sannan ga boko. Iyayenmu sun sayar da akuya da buhun gero don mu fita daga gona, mu kuma muka fahimci cewa fitar sai ta nuna a jiki: a sutura, a tafiya, a irin Hausar da kake yi, har a abin da kunnenka ke so. Yawancin 'yan shagon nan taki ɗaya ne tsakaninsu da ƙauye, kamar ni. Ɗan asalin birni da ya ƙoshi da birnin ba ya damuwa da abin da kake ji. Wanda ke tsoron a gano shi, shi ne mai zafin dariya.

Wata ƙaramar salla na je gaishe da 'yar uwar babata a wani ƙauye ta wajen Fagam. Da yamma aka kafa kalangu a dandali, 'yan mata sun yi layi, samari na shiga suna liƙi. A tsakiyar fili, hula ta karkace, gumi ya jiƙa shadda, ga ɗaya daga cikin manyan masu kirana Baba Direba yana taka rawa, mai kalangu na binsa yana kiran sunan kakansa. Rawar gwani yake yi, irin wadda ba a koyonta rana ɗaya. Muka haɗa ido. Da aka koma makaranta bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba, kuma bai fasa kirana da sunan ba, sai dai ya daina yi a gaban 'yan mata.

Akwai mutum ɗaya da na fi tunawa a duk wannan zamani, kuma ba ya cikin kwalin. Wani dattijo ne mai gurmi da ke zuwa kasuwar Sara, yana zama kusa da masu tsire ta wajen karar dabbobi. Mai gurmi kawai kowa ke ce masa. Ya san fataken da ke cin kasuwar ɗaya bayan ɗaya: wannan daga Kila, wancan daga Farin Dutse, wane ne ubansa, wace shekara ya yi asarar shanu, wace mata ce ta ƙi shi. In ya hango mutum sai ya sako shi cikin waƙa tun daga nesa, kafin ya iso rumfa an gama yi masa tarihi, dole ya sa hannu a aljihu yana dariya ko yana zagi. In kawu na jiran lodi, nan nake tsugunawa. Na ga yadda yake ɗan matsa tsirkiya da babban yatsa in rana ta sassauta ta, da yadda yake kanga fatar gurmin kusa da wutar mai tsire in damina ta sa ta yi sanyi. Su Shata sun samu kamfanin EMI da Rediyon Kaduna sun adana muryarsu. Shi wannan ba wanda ya taɓa kafa masa rikoda.

Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a, Jigawa ta bi sahu a 2000. Aka rufe gidajen giya da na magajiya, kiɗan dare ya ja baya, kuma tun kafin nan ma wa'azi ya daɗe yana matsa wa bidi'o'in biki, musamman bayan kafuwar Izala a 1978. Ba na cikin masu kukan rufe waɗancan gidaje; wanda ya san abin da suka yi wa wasu gidajen aure ba zai yi ba. Amma a gefen irin waɗannan wurare, da dandali, da gidan biki, nan ne yaro ke ɗaukar wa ubangidansa goge har ya koyi ja. Da aka share wurin, makarantar ta tafi tare da shi, ba a kuma gina wata ba. 'Yan fim sun sha tasu matsar, har Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, amma su suna da ƙungiya da 'yan kasuwa da masu zuwa ofis a zauna a daidaita. Mai gurmin Sara ba shi da kowa. Ganina da shi na ƙarshe igiya yake sayarwa.

Yau ga mu mun haura arba'in. Wayar hannu ta shigo a 2001, memori ya kashe kaset, a inda teburin nan yake masu tura waƙa ne da kwamfuta. Abin mamaki, kwalin ƙasa ya hau sama. Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa sun ɗauko salon waƙar fada sun shigar da shi situdiyo, samari suka karɓa da alfahari. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin Shata Ikon Allah a 2006, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, ɗalibai na samun digiri a kan Narambaɗa. Da Barmani Coge ta rasu a 2013, da Ɗanmaraya Jos a 2015, har waɗanda ba su taɓa sayen kaset ɗinsu ba sun yi ta'aziyya a Facebook. A zauren WhatsApp na 'yan ajinmu kuwa, ba a kwana biyu wani bai turo Shata ko Ɗanƙwairo ba, a bi shi da "Allah ya jiƙan mazan jiya" da "ai waƙa ta ƙare". Wanda ya fi kowa turowa shi ne mai rikoda. Yanzu Hamisu Breaker da 'ya'yansa ke ji ne abin rainawarsa.

Ba na jin wani daɗin cin nasara a kan wannan, don na san abin da suka dawo gare shi. Sun dawo ga mawaƙan da suka mutu, waɗanda jami'a ta wanke, waɗanda ba za su ƙara tsayawa a ƙofar gidan kowa da kalangu ba. Son Shata a yau ba ya jawo wa mutum komai sai a ce ya san Hausa. Amma a cikinmu wa zai yarda ɗansa ya ce gurmi zai koya? Ban cire kaina ba. Ƙauyen ma da muka gudu daga gare shi ya dawo a matsayin kayan wasa: a bikin 'yan birni ana ware ranar ƙauyawa, a ɗaura tsohuwar atamfa, a ɗiga kwalli a fuska, a ɗauki ƙwarya, a yi ta dariya ana ɗaukar hoto, washegari kowa ya koma leshinsa.

Da kawu ya tashi aurar da autarsa a Gwaram, ya ce shi ba ya son komai a bikin sai a kawo masa mai gurmi ya zauna a zaure ya yi wa tsofaffin direbobi wasa. Aka ɗora mini neman. Masu kalangu ba su yi wuya ba, suna nan, siyasa da hawan salla na riƙe da su. Gurmi kuwa daga Sara har Basirka amsa iri biyu ce: wane ya rasu, wane ya tuba. Ɗan wani da aka kwatanta mini, aka ce ya iya hannun ubansa, yana Abuja yana acaɓa. A ƙarshe yaron da aka ɗauko da manyan lasifika ya ce kada mu damu, yana da Haruna Uji cike da filashi. Bayan la'asar ya saka. Muryar Uji ce, gurmin ma nasa ne, amma an shimfiɗa wani dukan fiyano a ƙarƙashi don a samu na rawa. Kawu ya saurara kaɗan, ya yafito yaron da hannu.

"Ɗana, cire mini wannan dukan da aka sa a ƙasa. Hannun nake son ji."

Yaron ya duba kwamfutarsa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce, "Baba, ba ya ciruwa. Haka aka turo mini shi."